Sandar Fatsa ta Gado

Yana karɓar sandar fatsar da wani baƙo ya kawo gyara, tsohon ya gane aikin hannunsa. Shi ya gasa gorar nan ya miƙar, ya naɗe mariƙinta da jan zare, ya ba ɗansa ranar da zai tafi su a madatsar ruwan Tiga. Tun daga nan, shekaru da yawa ke nan, ko waya babu.

"Malam, ina ka samo ta?"

"Kasuwar Wudil, Baba, Juma'ar nan, wajen wani saurayi. Har da hawayensa. Wai ta mahaifinsa ce, bara ya rasu."

Tsohon ya daɗe yana duban inda ta tsage, sannan ya jawo zare.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ka dawo jibi."