Kashi Casa'in da Bakwai

Layin da ke nuna tafiyar aiki ya tsaya a kashi casa'in da bakwai. Ƙarfe goma da rabi na safe ne, kuma da sha biyu daidai za a buɗe rajistar ɗalibai dubu huɗu.

Gwani ya danna "ci gaba", shiru. Ya danna "soke", shiru. A gefen sunan faifan, tsarin ya rubuta kalma ɗaya: a kulle.

Aikin ba wani mai tsawo ba ne. A ɗakin sanyi na kwalejin akwai saba, wato babbar uwar kwamfuta guda, a cikinta kwamfutoci talatin marasa jiki suke zaune, ana sarrafa su daga shafi ɗaya. In za a ƙirƙiri sabuwa, sai a loda cikakken kwafin faifanta. Amma in lodin ya katse, faifan yakan maƙale: bai shiga ba, bai fita ba, ba ya goguwa. Shi kuwa Gwani, yana cikin loda faifan kwamfutar rajistar, garin neman sakamakon ƙwallon jiya ya rufe shafin lodin da hannunsa.

Sunan Gwani ma shi ya raɗa wa kansa, abokan aiki suka karɓa. Sau shida faifai yana maƙalewa a shekarar nan, sau shida yana kwance shi. Babu wanda ya san yadda yake yi.

Ƙofar ofis ta buɗe. Shugabar sashe, wadda kowa ke kira Anti, ta leƙo da tabarau a kan hanci.

"Injiniya, in gaya wa magatakarda an shirya?"

"Saura ƙiris, Anti."

"To, Allah ya taimaka. Ni dai ban ga komai ba sai layi shuɗi."

Tana komawa, ya zame ya shiga ɗakin sanyi ya zaro wayarsa daga aljihu.

A makonsa na farko a aiki ya tsinci wata takarda manne a cikin kabad ɗin wayoyi: "In abu ya gagara, turo saƙo nan. Ban da kira." Sai lambar waya, ƙarƙashinta an rubuta Tsohon Hannu. Gwani ya yanke cewa wani dattijon injiniya ne da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Mutumin yana amsawa da wuri, sai dai ranar Litinin da safe. Wataƙila asibiti yake zuwa.

Ya tura masa saƙo: "Maigida, ya sake kullewa. Sha biyu za a buɗe. Uwar takarda, shugabar nan tamu, kuma tana kaina."

"Me ta yi yau?"

"Me ta sani ban da sa hannu? Ko linzamin kwamfuta da hannu biyu take riƙewa."

Sai bayan minti uku amsa ta iso.

"Allah ya shirye ta. Ka rubuta matakan wancan karon a littafi, kamar yadda na ce?"

Bai rubuta ba. Wata takwas Anti tana roƙonsa ya rubuta yadda ake gyaran, yana cewa ilimi a ka yake.

"Ɗauko littafi. Duk matakin da na ba ka, ka rubuta, ka turo hoto, sannan in ba ka na gaba."

Dattijon nan da sharuɗɗa. Wancan karon sai da ya sa shi ya jera wayoyin kabad ya liƙa wa kowace suna. Kafin nan kuma, wai kofunan shayin da ya tara a tebur suna jawo danshi ga na'ura, ya wanke su.

Sha ɗaya da kwata. Gwani ya bi matakin farko, ya tabbatar babu wani lodi da ke tafiya da gaske. Ya rubuta, ya tura hoto. Ya ajiye kwafin rumbun bayanai kafin ya taɓa komai. Ya rubuta.

"Rubutunka kamar tafiyar kaza. Sake."

Ya sake, yana cizon leɓe.

"Yanzu share tsohon bayanin lodin, ka cire kullen faifan da lambarsa ta ƙare da 4c. Shi kaɗai. Na ƙasansa na ɗakin karatu ne."

Bai tuna ya tura lambar ba, amma ba lokacin tunani ba ne. Ya cire kullen, ya goge guntun faifan, ya sake lodawa. Ya zauna da hannaye a cinya, ko numfashi a hankali yake yi. Casa'in da bakwai. Casa'in da takwas. Sha biyu saura minti shida, layin ya cika.

Ya shiga ofishin Anti yana taku ɗai-ɗai, ya ajiye littafin a gabanta.

"An gama. Ga kuma matakan, na ga ya kamata a rubuta saboda na baya."

"Kai, sannu da hangen nesa." Ta juya shafi tana jinjina kai. "Shi kullen nan, da makulli ake buɗe shi?"

Ya yi dariya, ya yi mata bayani na minti goma a hankali, yadda za ta gane. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce tunda ya iya bayani haka, daga gobe shi zai koyar da sauran ma'aikata, kullum ƙarfe bakwai na safe, har wata guda.

Bai kai kujerarsa ba ya tura saƙo: "Maigida, na sha da ƙyar. Amma matar nan ta ɗaura min bakwai na safe. Yaya zan yi da ita?"

Anti ta tura ƙofa, ta jawo aljihun tebur na ƙasa, ta ɗauko tsohuwar wayar da ke ta ƙyafta haske, ta rubuta: "Irinsu sai da biyayya, ɗana. Ka zo shida da rabi."