Mutumin da Ya Liƙe Kafar Bango

Ke Talatuwa, daina zare ido don likita ta ce ƙwayoyin fatarki suna aika wa juna saƙo. Ni ban shiga aji ba, amma na gane zancenta sarai. Ƙwayoyin nan jere suke gefe da gefe, kowace tana zirara wa ta kusa da ita wani sinadari: an ji rauni, ku hayayyafa ku rufe, ya rufu, ku tsaya haka. Wadda ta toshe kunnenta, irinta ke jawo wa mutum ciwon ƙari a jiki. Saurara ki ji misali.

A wata unguwa akwai soraye a jere, bango ɗaya ya haɗa su, azarar wannan ta hau kan ta wancan. Kowane bango da 'yar kafa daidai shigar hannu. Ta nan mata ke miƙa wa juna garwashi da gishiri, amma babban aikinta kai wari. In ƙanshin kunun kanwa ya ratso, an haihu ke nan, a ɗora ruwan zafi. In ƙauri ne, ba a jiran ihu, tulu ake sunguma. Sai wani mai sayar da auduga ya tare a gidan tsakiya. Rowa ta yi masa katutu, wai maƙwabta na shaƙar ƙanshin suyarsa a banza! Ya kwaɓa laka ya liƙe kafar gabas, ya liƙe ta yamma. Tsofaffi suka yi masa magana, ya ce gidansa ne.

Ran wata kasuwa da hantsi, shi da matarsa suka kulle gida suka fita, ashe tartsatsi ya faɗa cikin buhunan audugarsa. Wutar auduga kuwa ba ta da hayaniya, ta ciki take ci. Ta yini tana ci. Matan gabas na daka, na yamma na kitso, taku biyu tsakaninsu da ita, ba wadda ta ji ƙauri. Kafin a ga hayaƙi, azara ta cinye. Rufinsa ya rufta, ya ja na maƙwabta biyu, har da na wata tsohuwa da ba ta taɓa lasar romonsa ba, ga hatsinta na shekara a ƙarƙashi. Ya dawo yana birgima cikin toka, wai don me ba a kawo masa ɗauki ba. Ji rashin kunya! Ta wace kafa za a ji?

Dama Hausawa sun ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.