Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Na'urar ta sake nuna jar wuta.

"Anti Dokta, sai haƙuri," in ji mai tsaron zauren jarrabawar a Accra. "Ba ta ga zanen yatsanki ba."

"To goge gilashin mana! Daga Cape Coast fa na taso!"

Ya goge, ta danna har farcenta ya yi fari. Ja dai. Wankin hannu da sinadari a ɗakin tiyata ya cinye zanen, yatsan ya yi sumul kamar bayan cokali. A ciki abokan karatunta sun duƙufa neman shaidar ƙwarewa a sarrafa bayanan marasa lafiya, ita kuwa sai baɗi.

"Ga katina, ga fuskata! Me kuma kake so?"

"Na'ura ba ta san fuska ba, Anti."

Tun da ta kafa irin wannan na'ura a asibitinta, da wannan maganar take sallamar tsofaffi masu bandar kifi, waɗanda wuta da gishiri suka cinye musu zanen yatsu.

Sai yau ta san nisan hanyar komawa.