Ninkin Mama

"Ka aure ta, ko allura ba za ka gani ba a gadon ubanka," in ji Mama. "'Yar mai wanki da guga a zuri'armu?"

Ta buɗe akwati tana haɗa kayana, wai in bar mata gida. Budurwata na tsaye bakin ƙofa, idonta a kan hannun Mama.

Duk fushin nan, Mama ba ta cusa riga ko ɗaya ba. Ta kife ta, ta ninka sau uku, ta shafe wuyan da bayan hannu.

"Mama," in ji budurwata a hankali, "a shagon wa kika koya? Haka babana ke ninki."

Rigar ta suɓuce mata. Sai lokacin na tuna, ba ta taɓa gaya mana sana'ar kakanmu ba.