Soson Buhu da Garin Alli

Malam Tanimu, na ji ka ɗazu kana cewa zamani ya bar tsofaffi a baya, wai kayan yau sai 'yan yau. To gyara zama ka ji misali, sannan ka auna da kanka.

Wani tela ne mahaifiyarsa za ta dawo daga aikin Hajji, ya rantse ba za ta shigo unguwa a motar haya ba. Sai ya nufi amininsa na ƙuruciya, wanda bai yi wata guda da sayen sabuwar mota ba, ko ledar kujeru bai cire ba. Mutumin nan ko ƙanensa ciki ɗaya bai taɓa bari ya tuƙa ta ba, amma tela na buɗe baki ya miƙa masa makulli, ya ce ya dawo da ita gobe bayan la'asar. Aka ɗauko Hajiya da guɗa, aka sha zamzam, aka ci dabino, yaran unguwa suka yi ta shafa motar da hannun maiƙo. Washegari tela ya ce a ransa ai ba a mayar da kayan aro da dauɗa, ko ƙwarya ka ara wankakkiya kake mayarwa. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya ɗauko garin sabulu da soson buhu, irin wanda ake dirje tukunya da shi, ya zage yana dirza yana waƙa. Duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya sauke a kan baƙar robar nan mai sheƙi da ke tsakanin gilasan ƙofofin gefe ɗaya, don nan ne shaidar yatsun yara ta fi fitowa. Da ruwa ya bushe rana ta haska, sai ga roba ta yi furu-furu, ta kakkarce kamar kaza ta yi tono a kai. Tela ya tsaya yana duban ɓarnar da ya yi. Robar ba ta dame shi ba kamar kunya: da wane ido zai dubi mutumin da ya hana ɗan'uwansa mota ya ba shi?

Ya garzaya wurin masu gyaran jikin mota. Na farko ya ce sai an cire an yi odar sabuwa daga Legas, sati biyu in an yi sa'a. Na biyu ya ɗauko samfefa, takardar nan mai kaushi, zai goga, tela ya riƙe masa hannu, don ya riga ya ga abin da kaushi ke yi. Ya juyo da motar zai koma gida, ya tsaya a inuwar darbejiya, daidai rumfar wani tsohon maƙerin azurfa da mata suka daina zuwa wurinsa tun da kayan ado na kanti suka cika gari. Tsoho ya dube shi ya ce, “Kai tela, wa ya rasu?” Tela ya nuna masa robar motar. Tsoho ya taso da ƙyar, ya gyara tabarau, ya bi karcen da farcen babban yatsansa, sai ya fashe da dariya. “Farce bai maƙale ba, ciwon a fata ya tsaya. Shekara hamsin ina fitar da irinsa daga jikin zobe.” Tela ya ce, “Baba, wannan fa roba ce, ba azurfa ba.” Tsoho ya ce, “Sheƙi dai sheƙi ne, ɗana. Miƙo min turmin can.”

Ya daka alli, ya tankaɗe shi sau biyu da tsohon ɗankwali har ya fi garin kwalli laushi, ya dama da ruwa kaɗan. Ya dangwala da auduga ya fara zagayawa a kan robar, a hankali, hannu sakwat, yana yi yana gogewa yana dubawa. Aka yi azahar aka dawo, bai gama rabi ba. Tela yana kallon inuwa tana tsawo, haƙurinsa ya ƙare, ya kai hannu zai taya shi da ƙarfi. Tsoho ya make hannun ya ce, “Ƙarfinka ne ya kawo mu nan, zauna.” Ana kiran la'asar ya share da busasshiyar auduga ya ja da baya. Tela ya leƙa, sai ga fuskarsa tar a jikin robar, har da zaren da ya maƙale masa a gemu. Ya yi kabbara, ya rungume tsoho har hular tsohon ta faɗi, daɗi ya cika shi kamar yau aka dawo da Hajiya.

Da ya kai motar, aminin ya zagaya ta ya tsaya ya ce me ya sa wannan gefen ya fi wancan ƙyalli. Tela bai ɓoye komai ba, ya zayyana masa tun daga soson buhu. Aminin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai sai su koma a yi wa ɗaya gefen, kada mota ta tafi da ido ɗaya da kwalli. Kafin sati ya zagayo, motoci sun yi layi a gindin darbejiya, tsoho yana daka alli yana yi wa direbobi tsiya, masu gyaran jikin motar nan biyu kuwa suna tsugune a gefensa suna kallon hannunsa.

Ka ji, Malam Tanimu. Mota ta bana ce, hannun da ya gyara ta kuwa ya girmi mai ita. Shi ya sa Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.