Shekarar Da Tsoho Ya Sauka Gidan Chona

Bana gidan Chona Ixbalan aka yi wa rabon saukar Tsoho, wanda garin ke girmamawa kamar gunki. Haka garin ya gada: kowace shekara a ɗauko shi bisa kujerarsa, da kiɗa da turare, a kai shi wani gida.

Chona ta share ɗaki, ta naɗa masa gyale kan gyale, ta gyara masa malafa, ta kunna masa sigari. Mutane suka yi layi, kowa ya durƙusa ya zuba masa labarin kakanni, ya ajiye kwalbar giya ko wainar masara. Shi ko uffan. Amma tun da ya shigo garin nan, damina ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Kwatsam sai ga mota daga birni, da wata Baturiya mai dogon wuya, wai ta zo tafiya da shi.

Hankalin Chona ya tashi. A ce a hannunta Tsoho ya bar gari? Masara ta bushe, a riƙa nuna ta da baki har jikoki?

"Kulax, tashi, sarkin barci!" ta zunguri mijinta. "Je ka ce mata gara ta cinye shi, da an ɗaga zai ruguje."

"Ke ma dai! Wace gara? Wanda kullum kike rage wa barkono a miya?"

Kafin su gama musu Baturiya ta faɗa ɗakin, ko gaisuwa babu. Ta tsaya gaban kujera, sai hawaye shar.

Chona ta ga abin ya zo wuya. Ta ture Baturiyar, ta durƙusa gaban Tsoho.

"Kaka, an taɓa ba ka labarin ranar da zomo ya je neman auren dutse mai aman wuta? Daga bakin kakata na ji shi!"

Ƙarya ce tsagwaronta, nan take take ƙera ta.

Tsoho ya zare sigarin daga bakinsa, ya lalubo tabarau a ƙarƙashin gyale, ya dubi Baturiyar.

"Ingrid 'yata, ce wa jami'a ta ƙara haƙuri," in ji Tsoho, wato Farfesa Halvorsen, wanda ya zo aikin wata shida na fassara labaran Maya, ƙabilar garin nan, tun Chona tana goye, "saura wannan ɗaya in rufe littafin."