Jan Cikin Saiwar Lubiya

Ranar rabon gonar gado a Mai Wurno, ina zaune kusa da kakata Inna Ige. Ta tumɓuke waken lubiya guda, ta nuna mini ƙurajen da ke jikin saiwarsa. Ta matse ɗaya da farce, sai ga cikinsa ja kamar nama.

"In ya yi ja haka, ƙasa ta ƙoshi," in ji ta. "Dawar da ta bi bayan lubiya ba ta yin rawaya."

A kan gefen gonar da ke da lubiyar ne babana da ƙanensa, Baffa Sani, suke gardama, domin ɗaya gefen dawa ta tsotse shi.

"Yaya, wallahi ba ni amsar matacciyar ƙasa!" Baffa ya daka tsawa.

Ban ga lokacin da ya ɗaga fartanya ba. Ƙara kawai na ji, kamar an fasa kabewa. Baba ya durƙusa cikin lubiyar, jini na kwarara ta kunnensa. Inna ta ruga tana salati, saiwar tana hannunta.

Sai da na girma na san ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙurajen suke jawo taki daga iska. Baba ya sami gefen, kunnen kuwa bai ƙara ji ba. Har yau in na tumɓuke wake, ba na matsewa.